Akwati Na Sha Biyar

Zuwa ga 'yata Ummi,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Ina roƙon Allah duk inda takardar nan ta iske ki, a mota ne, ko a jirgin ƙasa, ko kin riga kin sauka Duwala, ta iske ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da na mutum, ya sa ki shiga kamfanin da ya ɗauke ki da ƙafar dama.

Na ba Innarki takardar ta cusa miki a ƙasan jaka, don kada ki gan ta sai kin yi nisa. Ki yi haƙuri da rubutun. Hausar bokon da na tsinta a Yola ce tun ina ƙarami, ke kuwa da Faransanci kika tashi, to ki bi ta a hankali.

Yau kwana tara ke nan ba ki taka shago ba. Kina gaishe ni da safe, kina kawo mini ruwa, duk abin da na ce sai ki ce, "To, Baba." Ke da tun kina 'yar shekara biyar ba a taɓa gama zance a gidan nan ba ki tsoma baki ba. Wannan shirun naki ya hana ni sukuni. Tsorona kada ki tafi da shi Duwala, ki zauna a gaban manyan ma'aikata kina ganin daidai kina haɗiyewa, saboda ubanki ya koya miki cewa wanda ya faɗi abin da ya gani tsawa yake sha. Na yi niyyar in jero miki nasiha irin ta iyaye, in ce ki riƙe salla, ki kula da irin ƙawayen da za ki yi, amma Innarki ta riga ta cika miki kunne da waɗannan. Ni abin da na sani a duniya kwali ne. Bari in ba ki labarin kurakuraina a kansa ko za ki tsinci wani abu, don ni kaina kan zancen ya ɓace mini.

Kin san samfurin akwatin kifinmu, na kwanon rufi, wanda nake ɗorawa a kan kwali in zana in yanka, yana rataye a ƙusa bayan tebur. Ƙasansa faɗi ne saboda kunnuwa biyun da ake naɗewa su zama gefen akwati, samansa kuma siriri, wajen murfi. Kin kuma san fallen kwalin da ake kawo mana daga kudu, wanda ya fi ƙyauren ɗaki girma. Sana'ata duka tambaya ɗaya ce: samfur nawa zai shiga falle ɗaya? Shekara talatin da ɗoriya amsata ba ta canza ba. Sha biyu. Layi uku, kowane layi huɗu, dukansu a tsaye, kai sama.

Kuskurena na farko ina saurayi na yi shi, a hannun Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya koya mini aikin. Lokacin na ɗan zauna a aji, na iya ninkawa da rabawa, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Wata rana na auna tsawon falle na ninka da faɗinsa. Na auna samfur gaɓa-gaɓa na haɗa. Na raba wancan da wannan, sai ga sha bakwai da rabi. Na sake, sha bakwai da rabi. Kaina ya yi girma. Na je na tsaya a kan Kawu yana cin goro, na ce, "Kawu, ashe ɓarna kake yi duk shekarun nan. Sha bakwai ya kamata ka riƙa fitarwa, har da rabi."

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Madalla da malamin lissafi. Rabin na yafe maka. Ga alli, ga falle, fitar mini da sha bakwai ɗin."

Tun hantsi nake zane har aka kira la'asar. In goge, in sake, in matsa nan, in matsa can. Sha biyu. Da na gaji na yanka, Kawu ya sa tsintsiya ya tattaro guntayen da suka rage, sirara da masu kusurwa, ya zube mini su a cinya. Ya ce, "Ga sauran biyar ɗinka nan. Kai wa uwarka ta ɗinke maka su."

Lissafin bai yi ƙarya ba, Ummi. Kwalin akwati sha bakwai yana nan a fallen, sai dai a warwatse yake, wani a gefe, wani tsakanin murfi da murfi, kuma ba a naɗe akwati da guntaye. Saboda haka in kin je can, duk lambar da na'ura ta ba ki, kada ki kai ta gaban manya sai kin shimfiɗa abin kin gani da idonki. Ni na yi mako ina kunyar haɗa ido da Kawu.

Na biyun ya fi muni, don ba ni kaɗai ya shafa ba. Bayan Kawu ya rasu shagon ya dawo hannuna. Guntayen nan ba su daina cin raina ba. Kullum in na share su sai in ji kamar wani abu nawa nake zubarwa. Rannan, ban san abin da ya kai hannuna ba, na kwantar da samfur a gicciye, kansa na kallon bango maimakon sama. Na jera. Layi biyu, kowanne bakwai. Sha huɗu! Na zauna ina dariya ni kaɗai, ina cewa a raina, Allah ya jiƙan Kawu, tsoho ne mai kirki amma bai waye ba. Tun ina hannunsa na sha tambayarsa me ya sa ba ma kwantarwa, amsarsa ɗaya ce: "Haka ake yi."

Ga abin da bai taɓa gaya mini ba. In kin yaga kwali kin dubi bakinsa, za ki ga takarda biyu, a tsakaninsu akwai wata mai lanƙwasa da ta bar ƙananan ramuka a jere kamar tsinken tsintsiya. Mu jijiya muke ce mata. In jijiyar tana tsaye a bangon gaba da na baya na akwati, sai ki ɗora wasu ashirin a kansa bai motsa ba. In tana kwance, nauyi kaɗan zai durƙusar da shi. Kullum hannuna na kan jijiyar nan, amma ban taɓa tambayar kaina amfaninta ba.

A lokacin ne Madam Marta ta kawo aiki. Kin san ta a tsohuwa, amma lokacin matashiya ce, ba ta daɗe da saukowa daga duwatsun Mokolo ba, ita da mijinta suna bandar kifi a Lagdo. Takan zuba bandar a ƙananan akwatuna ta kai wa matafiya masu neman tsaraba a tashar jirgin Ngaundere. Na yanka mata aikin gaba ɗaya a kwance, da damina, lokacin da kwali ke shan laima. Aka jera akwatunan a saman mota aka ɗaure. Kafin su haye dutsen Ngaundere na ƙasa sun durƙushe, na sama sun bi su, kifin da ita da mijinta suka yi makonni suna shan hayaƙi a kansa ya koma gari.

Kwana uku ta dawo. Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ɗora murƙusasshen akwati a kan tebur, ta ciro wani tsohon akwati na zamanin Kawu daga buhunta, ta yaga bakin kowanne ta miƙo mini. Ta ce, "Malam Sale, ni ban yi lekol ba, ban taɓa shiga aji ba. Amma duba. Na Kawunka ramukan sama suke kallo. Naka gefe suke kallo. Don me ka juya?" Shekara huɗu ba ta sake leƙo shagona ba, in mun haɗu a kasuwa sai ta gaishe ni da mutunci ta wuce.

To ga nasiha ta biyu. In kin tarar da tsofaffin ma'aikata suna yin abu ta wata hanya da kike gani wauta ce, kada ki canza sai kin san dalilinsu. In sun ce haka ake yi, ki nace, ki bi su har wajen cin abinci, sai sun faɗa miki abin da ya taɓa karyewa. Tun daga ranar na rantse samfur ba zai ƙara juyawa a shagona ba. Kuma dubi abin mamaki, ke ma da kika taso kina tambayata, abin da Kawu ya ce mini shi na ce miki. Ban taɓa ba ki labarin kifin Madam Marta ba, kunya ta hana ni.

Yanzu na iso inda nake ta kewayewa.

Kin tuna ranar. Madam Marta na zaune a benci tana jiran aikinta, Malam Buba tela na maƙwabta ya leƙo aron almakashin kwano, ga mutum biyu ko uku masu jiran mota a inuwar rumfa. Kika shigo da takardarki a hannu, fuskarki cike da murna, kika ce, "Baba, na yi kwana uku ina gwadawa. In ka juya ɗaya ka bar ɗaya, kai da ƙafa, murfin wannan zai shige gefen kunnen wancan. Sha biyar za ka samu."

Wallahi, Ummi, cikin duk maganar nan kalma ɗaya kunnena ya kama: juya. Daga nan ban ƙara jin komai ba. Warin kifin nan ne ya dawo mini, ga kuma mai kifin zaune tana kallona. Na ce miki lissafin makarantarku ta lise daban, kwali daban. Na ce tun kafin a haife ki na yi wannan haukan na warke. Na ce in haka za ki je ki yi wa mutanen Duwala, gara ki zauna gida ki taya Innarki tuƙa tuwo. Kika ce, "Amma Baba, jijiyar ai..." Na ce ki rufe mini baki. Na dunƙule takardar ban ko buɗe ta da kyau ba, na jefa cikin guntaye. Kika tsaya kaɗan, kika sunkuyar da kai, kika fita.

Madam Marta ta karɓi aikinta ta tafi. Sai ran Asabar ta dawo, ba aiki ta kawo ba. Ta sauko da samfur daga ƙusa da kanta, ta ɗora a kan falle, kai sama. Ta ce, "Jijiya ina take bi?" Na ce daga sama zuwa ƙasa. Ta juya shi, kai ƙasa, ƙafa sama. Ta ce, "Yanzu fa?" Na buɗe baki zan ce ta kwanta, sai na duba. Tana nan a tsaye yadda take. Ta ce, "Voilà. Malam Sale, haka nake jera kifi a cikin akwatinka shekara da shekaru, kai da wutsiya, kai da wutsiya. Yarinyar nan ba ta ce ka kwantar ba. Kai ne ba ka bari ta gama magana ba." Ta rataye samfur ta yi tafiyarta.

Ashe juyi iri biyu ne, akwai na gicciye mai kashe akwati, akwai na kai da ƙafa wanda ba ruwansa da jijiya. Shekara talatin na haɗa su na kulle a ɗaki ɗaya. Har yanzu in na tuna sai in rasa yadda aka yi mutum mai taɓa kwali kullum bai ga wannan ba, mai kifi ta gani, 'yarsa ta gani.

Na ruga wajen guntaye neman takardarki. Babu. Kin san Dada mai ƙosai ce ke kwashe su duk yamma tana hura wuta. Na je har wajenta na tambaya, ta dube ni kamar na taɓu, ta nuna mini toka a ƙarƙashin kasko.

Tun ranar nake fama ni kaɗai, kuma nan ne kaina ya ƙarasa kullewa. Da farko na haɗa su biyu-biyu, kai da ƙafa, na jera. Da na ƙirga sai ga sha biyu, lambar tawa ta kullum, sai dai filin da ya rage a gefe ya ƙara faɗi. Na ce to, ko dai ni ne da gaskiya tun farko? Na ji daɗi na ɗan lokaci, ba zan ɓoye miki ba. Sannan na ga filin gefen zai ɗauki ƙarin ɗaya a layin sama, sha uku ke nan. Layin tsakiya ma ya ɗauka, sha huɗu. Na ajiye alli, don sha huɗu ita ce lambar da ta niƙa kifin Madam Marta, sai da na yaga bakin fallen na tabbatar jijiya na tsaye kafin hankalina ya kwanta. Saura layin ƙasa. Kin san kusurwar nan da igiyar ɗauri ke murƙushewa a kowane falle tun daga kudu. Kunnen na sha biyar daidai kanta yake sauka. In na juya shi don ya kauce mata, kunnensa ya hau kunnen maƙwabcinsa. In na matsa layin, na farko ya faɗo waje. Na ƙirga daga hagu, na ƙirga daga dama, kamar lambar za ta ji tausayina ta canza. Falle uku na cika da alli har na daina gane wane layi ne na jiya, wane ne na yau. Malam Buba ya leƙo ya ce ko taswirar Garwa nake zanawa.

Ban sani ba ko kin manta da kusurwar ne a lissafinki, ko kuwa kin san da ita kin kauce mata ta wata dabara da tsohon kaina ya kasa kamawa. Zuciyata ta fi karkata ga na biyun, don kin ce kwana uku kika yi, kuma na san ba kya sakin abu rabi. Wani lokaci kuma in ce ko Kawu ya san da wannan ya yi shiru? Ko shi ma wani ya taɓa yi masa tsawa? Ba wanda zan tambaya.

To yanzu me zan ce miki? Na ce kada ki yarda da lissafi sai kin shimfiɗa. Na ce kada ki canza hanyar manya sai kin san dalili. Duk biyun gaskiya ne, da fatar jikina na koye su. Amma su biyun nan ne suka haɗu suka toshe mini kunne ranar da kika zo da takardarki. Ke kin shimfiɗa, kuma kin san dalilin, da kanki kika gano jijiyar ba wanda ya gaya miki, duk da haka kika sha tsawa. Na juya zancen nan a raina ya fi yadda na juya samfur, ban sami inda zai zauna daidai ba. Ban san wacce nasiha za ki ɗauka ki bar wacce ba.

Abu ɗaya dai na tabbatar. A can za ki haɗu da irina, masu furfura, waɗanda wani abu ya taɓa karyewa a hannunsu tun ba a haife ki ba. Za ki kawo magana mai kyau su daka miki tsawa. Kada ki yi rashin kunya, ban haife ki don haka ba. Amma kada ki sunkuyar da kai ki fita. Ki bari ya huce, ki dawo washegari da fallen da alli, ki ce, "Baba, me kake tsoro? Nuna mini." In ya nuna miki abin da ba ki sani ba, kin ƙaru. In kuwa tsohon ciwonsa ne kawai, ki zana a gabansa har ya gani. In ya yaga takardar ki sake wata, kuma ki riƙa ajiye ta biyu a jaka.

Aikin Madam Marta na ranar Alhamis kai da ƙafa zan yanka shi, sha huɗu a falle, tunda nan ƙarfina ya tsaya. Ita ta ce in yanka, ta ce kifinta ne, ta yarda.

Yau da safe na ce tunda a gaban mutane na ci miki fuska, a gaban mutane zan gyara. Na shiga wajen Malam Buba na ce masa, maganar rannan, yarinyar ce da gaskiya. Ya tsayar da keken ɗinki ya ce wace magana? Ashe ya manta, sai da na ba shi labarin tun daga farko. Na faɗa wa mai shayin bakin titi, wanda ko wurin ba ya nan. Na faɗa wa Dada mai ƙosai. Na faɗa wa liman bayan azahar, ya ce Allah ya shirya mu, da alama bai gane inda na dosa ba. Na dawo gida na faɗa wa Innarki, ta ce, "Ni kake gaya wa? Ga ta can a ɗaki."

Na zo ƙofar ɗakin. Kina durƙushe kina ɗaure jaka, kin ba ni baya. Na yi gyaran murya, kika waiwayo. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kin ɗauki katin shaidarki?" Kika ce kin ɗauka. Na ce madalla, na juya. Rabin unguwa na faɗa wa, ban da ke.

To ga shi a rubuce, tunda bakin ya ƙi. Ke ce da gaskiya, Ummi. Ni ne ban saurara ba. Maganar tuƙa tuwo da na yi, ban san daga ina ta fito ba, kuma ba ta taɓa zama a zuciyata ba. Ranar da takardar ɗaukarki aiki ta zo, sai da na rufe shago na shiga ciki na yi kuka don murna, ba wanda ya sani. Ki yafe wa ubanki.

In kin huta gajiya, ki sake zana mini shi ki turo ta wayar Innarki, ki sa lamba a kan kowanne daga ɗaya har sha biyar, da manyan baƙi, don idon ya fara rauni. In kin kira kuma kika ji ina kawo wata gardamar banza, ki katse ni, na ba ki izini.

Allah ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, ya tsare mutuncinki da addininki. Allah ya yi miki albarka, albarkar da ba ta yankewa. Allah ya sa wanda za ki yi aiki a ƙarƙashinsa ya fi ubanki sauraro.

Mahaifinki,
Sale mai kwali, Garwa